Tabon Issa

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Gobe Issa zai tafi. Yamai tukuna, sannan jirgi zuwa Turkiyya. Ɗansa Kamaluddeen da ke aikin injiniya can shi ya shirya komai. An ce ma ba hannun likita zai taɓa shi ba, wai robo ne, na'ura mai hannuwa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina majo, wato babban nas, a gidan likita, daga Gecheme zuwa Kore Mairuwa zuwa nan Dogon Dutsi, kullum da kaye, littafin rubutu, a gabana. Na aje aiki, hannu bai aje alƙalami ba. To bari in rubuta don kada a manta: ni na gano ciwon Issa. Bara da damina, ranar da fitsari ya tsaya masa cik yana murƙususu a tabarma, ba Kamaluddeen aka kira ba, ni Rabilu aka kira. Ni na sa masa sondi, robar da ke fitar da fitsari. Ni na ce furostat ne, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ni na tura shi Dosso gwajin jini, ni na karanta masa takardar da ta dawo da mugun labari. Wata tara ina canza masa roba, ba wanda ya sani sai matarsa Hannatu.

Yau a gindin bedi, wato darbejiya, inda muke dara ni da shi tun da ya bar tuƙin babbar mota, Buba mai shayi sai cewa yake, "Ɗa na gari ya hi gona! Allah shi ba mu irin Kamalu." Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin. Ba wanda ya ambaci sunana.

Sau uku na tashi cikin dara ɗaya na zagaya bayan katanga. Shayin Buba ya cika ƙarfi.

Talata, 8 ga Afrilu, da hantsi

Na raka shi tasha. Ya riƙe hannuna ta tagar mota ya ce, "Majo, ka tsare mini ramuna, kada iska ta cike su." Na ce ya je ya gaishe da ƙarfen. Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Kamaluddeen ya aiko wa uwarsa hoton na'urar a salula, ita kuma ta ba Buba, yanzu duk kasuwa ta gani. Likitan yana zaune can gefe, ya cusa kai cikin wani akwati yana motsa yatsu, ƙarfen yana bin umarninsa. Mai sai da albasa ya tambaye ni, "Majo, kai ka taɓa aiki da irin wagga?" Na ce ni da fitilar hannu a baki na ɗinke mutanen da suka fi yawan albasarsa.

Kamaluddeen da ɗana Ja'afar benci ɗaya suka zauna a lakkwal, makarantar boko. Ja'afar ke zuwa na ɗaya, Kamalu na goma sha. Ni na riƙa koya wa Kamalun nan lissafi a zaurena, ubansa yana can hanyar Kwatano, ko harafi ɗaya bai iya karantawa. Yau wata bakwai ke nan Ja'afar bai kira daga Aljeriya ba.

Ba hassada nake ba. Lissafi kawai nake.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da azahar

Alwala uku tsakanin kiran salla da tada iƙama. Na koma sahun baya, kusa da ƙofa, ya fi iska.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan magariba

An yi aikin. Kamaluddeen ya kira ni da kansa, yaron akwai ladabi, ba zan hana shi wannan ba. Ya ce, "Baba Majo, an hidda abin duka, likita ya ce bai bazu ba. Kai ɗai zan hwaɗa ma wannan, don kai ka gane: ba ta ciki anka bi ba. Ta ƙasa anka shiga, tsakanin gaba da baya, yanka ɗan ƙarami. Tsoho ya ce kada kowa shi ji, kunya shikai."

Na gane ƙwarai. Tsakanin maraina da dubura ke nan, nan ne hanya mafi kusa da furostat. Tun muna makarantar likita na karanta cewa ana bi ta nan, amma idona bai taɓa gani ba. Yanzu ga direban da bai san inda mafitsararsa take ba, shi aka yi wa.

Na yi hamdala, Allah shaida na yi. Matata Lantana ta kawo tuwo na ce na ƙoshi. Ta dube ni irin duban nan nata na shekara arba'in, ta ɗauke kwanon.

Asabar, 19 ga Afrilu, da safe

Yau da ɗan ja-ja a cikin fitsarin. Zoɓo na sha jiya.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da la'asar

An cire masa sondi. Ya aiko mini saƙon murya yana ƙyaƙyata dariya: "Majo! Kamar hamhon Nasara! Robarka ta huta, kai ma ka huta!" Na saurara sau biyu, na kife salular.

Kai ma ka huta. Wata tara, kowane wata in ɗauki jakata in bi ta bayan gida don kada maƙwabta su gani. Yanzu na huta.

Na je gindin bedi na share ramukansa. Na yi dara da Buba, bai iya ba, cin sa ma ba daɗi.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan la'asar

Ya dawo jiya, Kamaluddeen ya rako shi har gida ya juya. Ya yi fari, ya yi ƙiba a kumatu, yana tafiya a hankali ƙafafu a ware. A hannunsa wani matashi mai rami a tsakiya, kamar gammo, da aka ba shi ya riƙa zama a kai har wurin ya warke. Da ya ga zauren ya cika da 'yan barka, ya tura shi bayan buhu da ƙafa, ya jingina da bango a karkace.

Kowa ya san al'adar garin nan. Wanda aka yi wa aiki, in maza sun zo barka, yakan ɗaga riga su ga tabo, a yi masa sannu daidai tsawon yankan. Ni kuma ake juyowa a tambaya, ni ke cewa ɗinkin nan ya yi, ko kuwa wannan mahauci ne ya ɗinka. Ba cikin da aka tsaga a unguwar nan da ban yanke masa hukunci ba.

Buba ya ce, "To Alhaji, ɗaga muna mu ga aikin ƙarhe." Issa ya yi ta noƙewa, suka matsa, ya ɗaga. Ciki sumul, ko ƙwarzanen ƙaya babu. Duk suka juyo gare ni. Shi ma ya dube ni.

Na faɗi wata magana. Ba ƙarya ba ce.

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Ba ƙarya ba ce. Na sake juya ta, kowace kalma gaskiya ce.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

To ga abin da na ce, tun da takardar nan ba ta da baki. Na ce, "Ni dai shekara talatin da ɗaya ina aikin likita, ban taɓa ganin an hidda hurostat ba tabo a ciki ba." Na kuma ɗan taɓe baki. Taɓe bakin ne ban iya samar wa hujja ba.

Magana zarar bunu. Yau a gindin bedi iri uku na ji. Wasu sun ce Turkawa barci kawai suka sa shi suka tashe shi. Wasu sun ce likitoci sun duba suka ga abin ya wuce aiki, suka sallamo shi ya zo ya cika a gida. Wata tsohuwa kuma ta gaya wa Lantana a bakin famfo cewa ba mai cire abu daga jikin mutum ba kafa sai doguwa, a tambayi Kamalu abin da ya ba iskoki. Kowane iri da "Majo ma ya ce" yake farawa.

Rabon da a ambaci sunana haka a garin nan tun ina aiki. Ba zan ɓoye ba, ranar farko na ji daɗi.

Issa ba shi da yadda zai kare kansa. Dattijo mai jikoki ba zai tsaya cikin mutane ya faɗi inda aka yanka shi ba. Na san haka tun kafin in buɗe baki.

Laraba, 7 ga Mayu, da yamma

Ya zo dara. Ba matashin. Ya zauna daɓas a ƙasa mai zafi kamar yadda ya saba, ya tanƙwashe ƙafa, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Wanda anka sallamo shi mutu ya zo shi ci majo." Aka yi dariya. Na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi, na ga yana cije leɓe duk lokacin da ya miƙa hannu. Kalma ɗaya ce a bakina, tashi. Ban faɗa ba. Da na faɗa, sai a tambaye ni dalili.

Awa biyu muka yi. Ya ci ni uku, na ci shi ɗaya. Bai yi mini maganar zaure ba, ko a fuska.

Sau huɗu na zagaya bayan katanga. Na ƙarshen na daɗe, ɗigo-ɗigo, har na dafa bango.

Alhamis, 8 ga Mayu, da azahar

An ce ya hau bayan moto, wato babur, ya tafi Kiyeshe sunan jikar ƙanensa, don dangin can ma sun ji wai yana kwance rai a hannun Allah. Hanyar nan duk kwazazzabai ce. Mako uku da yanka, a kan sirdin moto.

Lantana ta ce, "Malam, kai da ka sani, ba ka hana shi?" Na ce wa ya ce mata na san wani abu. Ta ce, "Ni dai tuwo nika tuƙawa, ba makauniya nike ba."

Asabar, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Bai zo ba. Jiya ma bai zo ba. Na share ramukansa.

Lahadi, 11 ga Mayu, da yamma

Na wuce ƙofar gidansa sau biyu. Na ga takalman Hannatu, na ji tafasar ruwa. Yana da ɗa a Turkiyya, yana da lambar likitan ƙarfe. Mene ne nawa a ciki?

Ba zoɓo a gidan nan tun makon jiya. Jan bai daina ba.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan azahar

Hannatu ta zo da sassafe, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. Ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Majo, abokinka kwana ukku masassara. Ya hana a kai shi likita, ya ce yara mata na can, tamkar ɗiyan cikinai, ba su ganin wurin nan. Ya hana in kira Kamalu. Ni ma ya hana ni dubi. Ya ce in ba kai ba, a bar shi." Sai ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Ko gaskiya ta, abin da mutane ka hwaɗi? Kai kac ce ba a yi mai aikin ba."

Matar nan kwana goma tana kwana da maganata a ƙirji. Na ce mata an yi aiki, an kuma yi shi da kyau. Ta ce, "To don mi?" Na shiga ɗaki neman jakata, na daɗe ina nema alhali tana rataye inda take kullum.

Na same shi a kwance, jiki kamar garwashi. Na sa Hannatu ta fita, na tura ƙyaure. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya juya fuska bango ya ɗaga ƙafafu, na sa safar hannu na haska fitila.

Na ga yankan. Bai kai tsawon ɗan yatsana ba, a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Gefe ɗaya ya buɗe, ya yi ja, yana ruwa, aikin ƙasa mai zafi da sirdin moto. Amma ɗaya gefen da ya kama, wallahi ban taɓa ganin ɗinki irinsa ba. Ba a ma ganin inda allura ta shiga. Na tsaya ina kallo, mutum yana nishi a gabana, ni kuwa abin da ke cin raina shi ne hannuna bai taɓa yin irin wannan ba kuma ba zai yi ba. Na ji kunyar kaina har cikin ƙashi.

Na matse ruwan, na wanke, na sa jan magani, na rufe. Allah ya taimaka bai yi zurfi ba. Na rubuta wa Hannatu maganin da za ta karɓo a farmasi, na ce in masassarar ba ta sauka nan da jibi ba, ko yana so ko ba ya so Dosso za mu.

Ina naɗe kaya ya yi magana, fuskarsa har yanzu a bango.

"Yaya ɗinkin, Majo?"

"Ya yi."

"Mahauci na ko tela?"

"Tela na. Babban tela."

Sannan ya ce, "Kamalu ya hwaɗa mini ya gaya ma tun ranar. Da kab buɗe baki cikin zaure, cewa niy yi ceto na zo."

Na ce ya yafe mini. Shekara sittin da sanin juna, ban taɓa ce masa haka ba, ko lokacin da na karya masa haƙori muna kiwon awaki.

Ya ce, "Wannan mai sauƙi na. Ɗauko mini jakar tahiya, aljihun gaba."

Takarda ce da Faransanci, da hatimin likitan can. Sunan gwajin jinin nan ne da na tura shi yi a Dosso bara, da wasu biyu. A sama an rubuta sunana.

"Ran Laraba sau huɗu kat tashi cikin dara," in ji shi. "Kahin in tahi sau ukku na. Ni direba na, ban iya karatu ba, amma na iya ƙidaya. Kuma na san tsayuwar nan ta dafa bango, na yi ta shekara biyu. Ina kwance da roba a hanci nis sa Kamalu shi hassara ma likita labarinka. Yac ce abokin nan naka shi yi gwajin ga, kada shi jima. Ranar da nid dawo nis so in ba ka, in mutane sun watse."

In mutane sun watse. Takardar nan tana cikin jakarsa, taku uku daga inda na zauna ina taɓe baki.

Na ce shayin Buba ne. Ya juyo ya dube ni a karo na farko, ido jajir da zazzaɓi, ya ce, "Wanzami ba ya son jarhwa."

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Masassara ta sauka. Na canza masa pansiman, audugar da na rufe wurin da ita. Ta ƙofar gaba na shiga, da jakata a hannu, kowa ya gani.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Na jira gindin bedi ya cika. Na ce ina da magana. Na ce na ga tabon Issa da idona, an yi aiki, an fitar da ciwon, ɗinkin kuma ya fi duk wanda na taɓa yabawa a unguwar nan. Na ce tun ranar farko na san haka, abin da na faɗa a zaure baƙin ciki ne ya sa ni. Kalmar ta fito da ƙyar, amma ta fito.

Buba ya ce, "To wai ina tabon yake?"

Na ce, "Inda in an yi ma, kai ma ba ka nunawa."

Sai dariya ta ɓarke, har mai albasa ya kwanta. Wani tsoho bai yi dariya ba, ya dube ni ya ce, "Majo, ba ka kyauta ba." Na ce na sani.

Asabar, 17 ga Mayu, da yamma

Ya zo dara da matashinsa a hammata, ya aje ya hau a gaban kowa. Buba ya ce Alhaji ya zama tulu, sai da gammo. Issa ya ce tulun da ba ya yoyo ya fi, ya kuwa kalle ni. Na tashi sau uku. Duk lokacin da na dawo sai in tarar ya aje tsakuwa ɗaya a gefen ƙafata, yana ƙidaya.

Har yanzu in ya ambaci Kamalu wani abu na tsaya mini a ƙirji. Ban warke ba. Na dai daina kiransa lissafi.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan sallar asuba

Motar Dosso ƙarfe bakwai. Takardar tana aljihuna. Jiya na gaya wa Lantana komai, har jan. Ta ce ita ke wanke wanduna, wata shida ke nan tana jira in gaji da ɓoyo. Ta kira lambar Ja'afar, ba ta shiga ba.

Na biya wurin Issa na duba ɗinkin, ya kama tsaf. Na ce masa kada ya sa rai, ni ba ni da ɗa a Turkiyya, in aiki ya kama ni a Yamai za a yi, da hannun ɗan Adam, a tsaga ciki daga cibiya zuwa ƙasa. Na ce aƙalla nawa tabon zan ɗaga riga kowa ya gani, na fi shi nan.

Ya ce, "Ka hi ni. Amma ba ka ɗaga ma kowa sai na hwara gani. Wannan karon ni ka hwaɗin ko ɗinki ya yi."

Yana can yana sa takalmi, ya ɗauko matashinsa, wai sai ya raka ni har Dosso. Na ce hanya da nisa ga mai sabon ɗinki. Ya ce wanda ya karanta masa tasa takardar ba zai karanta tasa shi kaɗai ba.